Ta Wace Hanya Ya Kamata Manhajata Ta Riƙa Aika Imel? Tambayoyi da Amsoshi

A Gombe nake aikin haɗa manhaja, kuma yawancin masu ba ni aiki makarantu ne masu zaman kansu, da ƙananan asibitoci, da 'yan kasuwa. Ɗaliban da ke zuwa wurina koyon aiki, daga Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere ko ATBU ta Bauchi, da wuya a sami wanda bai taɓa zuwa ya ce, "Malam, manhajar ta ce ta aika, amma saƙon bai shigo ba." Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaita mini, na jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi.

Malam, hanyoyi nawa ne manhaja za ta iya bi ta aika imel?

Uku ne manya. Ta farko, ka bar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, wato uwar garke ko saba kamar yadda muke faɗa a bakin aiki, ta aika da kanta. Abin da umarnin mail() na yaren manhaja PHP ke yi ke nan, yana miƙa saƙon ga sendmail ko Postfix da ke kan injin. Ta biyu, manhajar ta shiga wani akwatin imel na mutum, kamar na Gmail, ta aika da sunansa. Ta uku, ka miƙa saƙon ga kamfanin da sana'arsa ke nan, irin su Amazon SES, Mailgun, Postmark, SendGrid ko Brevo, su kai shi da sunan domen ɗinka, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel.

Ni dai ta ukun nake zaɓa wa duk manhajar da mutane za su dogara da ita. Sauran amsoshin da ke ƙasa bayani ne na dalilina, da kuma wuraren da sauran biyun ke da amfani.

Mene ne SMTP ɗin nan da ake ta ambata?

Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi ce wajen miƙa wa juna imel. Jon Postel ne ya rubuta ta a 1982, an sabunta ta a 2008, kuma har yau a kanta imel yake tafiya. Ka ɗauke ta kamar ba da saƙo a tasha. Ka kai ƙunshi tashar Gombe Line, direba ya karɓa ya ce "to". Wannan "to" ɗin shaida ce cewa saƙo ya bar hannunka, amma ba ta nuna cewa ya isa hannun mai shi a Bauchi ba. A SMTP lambar 250 ita ce wannan "to" ɗin. Lambobin da suka fara da 4, kamar 421 da 450, suna nufin "ba yanzu ba, sake gwadawa anjima". Waɗanda suka fara da 5, kamar 550, suna nufin an ƙi, kada ka dawo da shi. Riƙe wannan bambancin, za mu koma kansa a amsar da ta yi maganar layin jiran saƙonni.

Na yi amfani da mail() na PHP, ya nuna an aika, amma babu abin da ya shigo. Ina saƙon ya maƙale?

Abin da mail() ya shaida maka shi ne injin da kake kai ya karɓi saƙon, shi ke nan. Daga nan ba ya sake waiwayarsa. Idan masaukin shafinka, wato uwar garken da ka yi haya don ajiye shi, irin na haɗaka ne, wanda ake sarrafa shi da cPanel, to adireshin IP guda, wato lambar da ake gane injin da ita a intanet, kuke amfani da shi kai da wasu shafuka masu yawa da ba ka san masu su ba. Ɗaya daga cikinsu ya aika saƙonnin damfara, ko aka yi wa WordPress ɗinsa kutse, sunan adireshin ya ɓaci, kai ma ka shiga ciki. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Akwai kuma kuskuren da na fi gani a wurin masu koyo: su rubuta adireshin Gmail ko Yahoo na mai makaranta a gurbin mai aikawa, alhali saƙon daga masaukinsu yake fita. A idon mai karɓa wannan sojan gona ne. Yahoo ta sanar tun 2014 cewa duk saƙon da ya zo da sunanta amma bai fito daga wurinta ba a ƙi shi. Idan kana so amsa ta koma Gmail ɗin mai makaranta, saka shi a gurbin Reply-To, gurbin From kuwa ya zama adireshin domen ɗinku. Masu WordPress su sani cewa wp_mail ma ta wannan hanyar yake bi, sai dai in an saka masa ƙari irin WP Mail SMTP an nuna masa wata.

To me zai hana in haɗa da Gmail ɗina kawai? Ai kyauta ne.

Don aikin kammala karatu da za ka nuna wa malamai, ko ƙaramar manhajar da kai kaɗai take aika wa sanarwa, babu laifi. Sai dai tun ƙarshen watan Mayu na 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga akwatin Gmail da kalmar sirrin da ka saba. Dole ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 don manhajar.

Matsalar tana farawa ne idan aiki ya girma. Akwatin Gmail na kyauta yana da iyakar kusan saƙo 500 a rana, na Google Workspace kuma 2,000. Makarantar da ke da ɗalibai 800 ta saki sakamakon zango, kafin la'asar an rufe ta, sauran iyaye sai gobe. Abin da ya fi damuna ma ba iyakar ba ce. Akwatin na wani mutum ne. Ranar da ya canja kalmar sirrinsa, kalmomin sirrin manhajoji duk sun mutu tare da ita. Ranar da ya bar aiki ko aka sace wayarsa, rasit ɗin makaranta ya tsaya, kuma babu wanda zai lura sai iyaye sun fara zuwa ofis da ƙorafi.

25, 465, 587: wace ƙofa zan saka?

Ƙofa (port) lamba ce da ke nuna mashigar da manhaja za ta bi ta haɗu da uwar garke. Saka 587 tare da STARTTLS, ko 465 tare da TLS tun daga farkon haɗuwa; su biyun hanyoyin ɓoye abin da ake aikawa ne don kada a karanta shi a hanya. Dukansu an yi su ne don manhaja ta miƙa saƙo bayan ta ba da suna da kalmar sirri. Ƙofa ta 25 tsakanin uwar garke da uwar garke ce, ba taka ba ce. Idan ka ga haɗin ya yi ta juyawa har lokaci ya ƙare, galibi mai masaukinka ne ya toshe ƙofar. Duba amsar da ta kwatanta SMTP da API don mafita.

Muna da kwamfuta a ofis da ba ta aikin komai. Me zai hana mu mayar da ita uwar garken imel?

Girka Postfix aikin yini guda ne. Sa Gmail da Outlook su yarda da abin da ya fito daga gare shi shi ne aikin da ba ya ƙarewa. Intanet ɗin yawancin ofisoshinmu na layin waya ne, adireshin IP ɗinsa yana canjawa, kuma mutane da yawa ke raba shi. Irin waɗannan adiresoshin suna cikin jerin da Spamhaus ke ajiyewa na wuraren da bai kamata imel ya fito daga cikinsu kai tsaye ba. Kana kuma buƙatar bayanin PTR, wanda ke mayar da adireshin IP zuwa sunan domen, kuma mai ba ka intanet ne kaɗai zai iya saka maka shi. Ga batun wuta. Duk wanda ya yi zafin Afrilu a Gombe ya san batirin sola ba kullum yake kaiwa asuba ba.

Hayar uwar garke a waje ta magance wuta amma ba ta magance sauran ba. Google Cloud ya toshe ƙofa ta 25 ga saƙon da zai fita, Amazon EC2 ma ya taƙaita ta sai ka nemi a buɗe maka. Jami'a ko babbar ma'aikata mai tsayayyen adireshi da ma'aikatan da aikinsu ke nan za ta iya. Kai da kake kai kaɗai, kana kula da manhajojin mutum biyar, kada ka ɗora wa kanka.

Idan na zaɓi kamfanin aika saƙo, da SMTP zan haɗa ko da API?

Saƙon iri ɗaya ne yake isa, bambancin a wurinka yake. SMTP kowa ya san shi: PHPMailer, Nodemailer, Laravel, Django, har injin ɗaukar hoton takardu na ofis. Ranar da ka so canja kamfani, layi huɗu za ka sauya: sunan uwar garke, ƙofa, suna da kalmar sirri. API kuwa, wato hanyar da kamfanin ya tanada don manhajarka ta yi magana da tasa kai tsaye, ta HTTPS yake bi, ƙofa ta 443, wadda ba mai toshe ta tunda ita shafukan intanet ke bi. Yana dawo maka da lambar shaidar kowane saƙo da bayanin kuskure mai ma'ana, amma yana ɗaure ka da salon kamfani guda.

Abin da nake yi shi ne in ware aikin aika imel a wuri ɗaya cikin manhajar, duk sauran sassa su riƙa kiransa. In fara da SMTP, idan ƙofa ta toshe ko saƙo ya yi yawa in koma API ba tare da taɓa sauran aikin ba. Ko wanne ka zaɓa, mabuɗin, wato kalmar sirrin da kamfanin ya ba ka, ya zauna a fayil ɗin saiti na .env, kada ya hau GitHub, kada kuma ya shiga manhajar waya ko JavaScript da ke gudana a burauza. Duk abin da ya sauka a wayar mutum ana iya buɗe shi a karanta. Manhajar waya ta roƙi uwar garkenka, ita ta aika.

Wane kamfani ya fi, kuma yaya batun dala?

Amazon SES ya fi araha, senti 10 na dalar Amurka kan kowane saƙo 1,000, amma yana son haƙuri. Sabon asusu yana farawa a killace: saƙo 200 cikin awa 24, ɗaya a daƙiƙa, kuma ga adiresoshin da ka tabbatar kaɗai, har sai ka rubuta musu bayanin irin saƙon da za ka aika sun sake ka. Kada ka bar wannan sai daren da za a buɗe rajista. Brevo, wanda a da ake kira Sendinblue, yana ba da saƙo 300 a rana kyauta, kuma wannan ya ishi ƙaramin asibiti ko shago. Postmark ya fi tsada, ƙarfinsa a saƙonnin rasit da na sabunta kalmar sirri yake. Farashi yana canjawa, don haka leƙa shafinsu kafin ka rubuta wa mai aiki lissafi.

Tun ranar farko ka gwada katin da za a riƙa biya da shi, ka tabbatar yana wucewa a dala, ka kuma faɗa wa Alhaji ko Hajiyar da ke da aikin cewa wannan kuɗi ne na kowane wata wanda ke hawa da sauka tare da canji. Wani abu da nake riƙewa da muhimmanci: asusun da domen ɗin su kasance da sunan mai aikin, kai a ba ka izinin shiga. Amana ce. Idan gobe kun rabu, ko ka tafi hidimar ƙasa, bai kamata saƙonninsu su tafi tare da kai ba.

Kamfanin ya ce in saka SPF da DKIM da DMARC. Mene ne su, kuma dole ne?

Dole ne, kuma nan ne rabin ƙorafin "bai shigo ba" yake warwarewa. Duka ukun rubutu ne da kake sakawa a DNS, wato rajistar bayanan domen ɗinka da kowa ke iya dubawa, ko .com ne ko .ng da NiRA ke kula da shi. SPF jerin sunaye ne: ga waɗanda na yarje wa su aika saƙo da sunana. Domen guda SPF guda yake ɗauka. Idan mai masaukinka ya riga ya saka ɗaya, kai kuma ka ƙara na biyu don sabon kamfani, dukansu sun lalace, sai dai ka haɗe su a layi ɗaya. Yana kuma da iyakar bincike 10 a DNS, wadda ake ƙetarewa ba a sani ba idan an yi ta ƙara kamfanoni.

DKIM hatimi ne. Kamfanin da ke aikawa yana buga wa kowane saƙo sa hannu da mabuɗin sirri, mai karɓa kuma ya ɗauko mabuɗin fili daga DNS ɗinka ya gwada, ya tabbatar ba a taɓa saƙon a hanya ba. DMARC shi ne umarninka ga mai karɓa game da saƙon da ya zo da sunanka amma ya faɗi jarrabawa: p=none a bar shi ya wuce a kawo maka rahoto, p=quarantine a jefa shi cikin Spam, p=reject a ƙi shi. Sharaɗinsa shi ne domen ɗin da mutum ke gani a From ya dace da wanda SPF ko DKIM ya tabbatar. Shi ya sa saƙo zai iya cin SPF da sunan kamfanin aikawa amma ya faɗi DMARC da sunanka.

Fara da p=none, ka karanta rahotanni na wasu makonni. Sau da yawa a nan ake gano cewa akwai wata tsohuwar manhajar lissafin kuɗi ko fom ɗin shafi da ke aikawa da sunan domen ɗin ba wanda ya tuna da ita. Bayan ka gyara su sai ka tsaurara. Don dubawa, aika wa Gmail ɗinka saƙo, buɗe shi a kwamfuta, danna ɗigo ukun nan ka zaɓi Show original. Kana son ganin PASS sau uku.

Na ji dokokin Google na masu aika saƙo 5,000 ne a rana. Ni da ban kai 100 ba fa?

Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa manyan masu aikawa SPF da DKIM da DMARC gaba ɗaya, da maɓallin fita daga jerin talla da dannawa ɗaya, da kuma kada ƙorafin masu karɓa ya kai kashi 0.3 cikin 100. Microsoft ya bi sahu a Mayun 2025 don Outlook da Hotmail. Amma ko ƙaramin mai aikawa, Gmail yana neman aƙalla SPF ko DKIM daga gare shi. Saka ukun duka, aikin rabin awa ne.

Idan mutum ya danna maɓallin rajista shafin yakan daɗe yana juyawa, wani lokaci ya faɗi. Imel ne ya jawo?

Sau da yawa shi ne. Ka sa mutum yana jira har manhajarka ta gama gaisawa da wata uwar garke a Turai ko Amurka. Idan can aka yi jinkiri, shi ma ya tsaya, kuma mai amfani da data a Dukku ko Ningi zai sake dannawa, ya yi rajista sau biyu. Gyaran shi ne layi: manhajar ta rubuta saƙon a ma'ajiyar bayanai, ta sallami mutum nan take, wani ma'aikaci na bayan fage ya riƙa ɗauka yana aikawa. Laravel ya zo da nasa tsarin layin, masu Django suna amfani da Celery, a masaukin haɗaka kuwa tebur guda a ma'ajiyar bayanai da cron, wato aikin da aka saita ya riƙa tashi da kansa kowane minti, ya wadatar.

A nan lambobin da na ambata a amsar SMTP suke aiki. Idan aka dawo maka da mai 4, jira ka sake, kana ƙara tazara kowane karo. Idan mai 5 ce, tsaya ka rubuta dalili. Sannan ka yi wa kowane saƙo alamar an aika. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna iya sake kiran manhajarka kan biya guda idan ba su ji amsarka da wuri ba, kuma uba ya ga rasit biyu na kuɗin makaranta ɗaya, hankalinsa zai tashi ya ɗauka an cire masa sau biyu.

Me ya sa ƙ da ɗ da ɓ suke komawa alamar tambaya ko wasu baƙaƙen rubutu?

Wannan tambayar tana taɓa ni, domin na ga masu haɗa manhaja da yawa sun haƙura da haruffanmu masu lanƙwasa saboda ita, suna rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". Laifin ba na Hausa ba ne, saiti ne. PHPMailer yana farawa da ISO-8859-1, wanda babu ƙ a cikinsa, babu kuma alamar ₦. Mayar da CharSet ɗinsa UTF-8. Ma'ajiyar MySQL ta kasance utf8mb4, haɗin da ke tsakaninta da manhajar ma haka. Taken saƙo yana da tasa ƙa'idar daban da ta jikin saƙo, shi ya sa wanda ya haɗa shi da hannu a mail() zai ga jiki ya fito daidai, taken ya lalace. Bar wa laburaren aika imel ya yi wannan aikin. Kafin in miƙa kowane aiki nakan aika gwaji mai taken "Ɗan Ƙasa ya biya ₦5,000", in buɗe shi a waya da kwamfuta.

Zan iya aika talla da rasit ta hanya ɗaya?

Raba su. Rasit da lambar tabbatarwa mutum yana jiransu, talla kuwa wasu za su danna mata Spam, kuma ɓacin sunan zai shafi duk abin da ya fito ta hanyar. Ba wa kowanne reshen domen nasa. Kada kuma ka kwashi adiresoshin da aka ba ka don rajistar asibiti ka aika musu tallar wani abu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla kai tsaye, kuma ko ba doka, bai dace ba.

Saƙonni da yawa suna dawowa. In ƙyale su?

A'a. Amazon SES yana sa asusu a ƙarƙashin bincike idan masu dawowa suka kai kashi 5 cikin 100, yana iya dakatar da shi a kashi 10. A wurinmu tushen matsalar sananne ne: yawancin rajista a shagon kafe ake yin ta, mai shago yana sauri, ya rubuta gmail.con, ko ya ƙirƙiri adireshin da babu shi don fom ya wuce, ko ya saka nasa ga mutum talatin. Aika lambar tabbatarwa kafin ka karɓi adireshi. Ka kuma buɗe wa kamfanin aikawa hanyar sanar da manhajarka duk saƙon da ya dawo, ta yi wa adireshin alama ta daina aika masa, sakatare kuma ya gani a allonsa ya nemi gyara ranar da mai shi ya zo.

Yaya zan gwada ba tare da saƙo ya tafi wurin mutanen gaske ba?

Girka Mailpit a kwamfutarka, ko ka yi amfani da Mailtrap. Suna karɓar saƙo kamar uwar garken gaske, su nuna maka shi a burauza, ba ya zuwa ko'ina. Na taɓa gwada tunatarwar bashin kuɗin makaranta da kwafin bayanan gaske, saitin aikawa kuma na gaske ne, saƙo ya tafi wurin iyayen da sun riga sun biya. Sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya da ban haƙuri, kuma na ga yadda abin ya sosa ran wasu. Tun daga ranar, mabuɗin gaske ba ya zama a kwamfutar da nake gwaji.

Mutanenmu ba su cika buɗe imel ba. Anya ba gara SMS ko WhatsApp ba?

Ya danganta da wanda kake nema. Mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal yana da Gmail saboda wayarsa ta Android ta nema, amma wataƙila bai taɓa buɗe shi ba. Lambar shiga ta gaggawa da tunatarwar ganin likita gobe, aika masa ta SMS. Ka dai sani cewa SMS mai ɗauke da ƙ ko ɗ yana komawa haruffa 70 a shafi maimakon 160, kuɗinsa ya ƙaru. Imel kuwa shi ya dace da abin da za a nema bayan wata shida: rasit, takardar shiga makaranta, bayanin albashi. Ɗalibin da ya yi rajistar JAMB ya riga ya san darajar adireshinsa.

A manhajojin makaranta nakan haɗa biyun: cikakken rasit ya tafi imel, gajeren SMS ya ce an karɓi kuɗi, a duba imel. Sakamakon gwajin asibiti kuwa ba na saka shi a jikin ko ɗaya, domin waya ɗaya takan zaga hannun mutanen gida da yawa. Saƙon ya ce sakamako ya fito, mai shi ya shiga da kalmar sirrinsa ya gani, ko ya zo asibiti ya karɓa.